Ranar da Na Karɓi Rigar Yayarku

Ku ukun da kuka tashi a gabana a Kano, labari ɗaya kuka sani a kan Yayarku Safiya. An gaya muku tana da taurin kai, ta nace sai ta bi maza hawan dutse, ta jawo wa kanta ciwon huhu, daga baya kuma zaman Malesiya ya lalata ta har ta ƙi biyo mu gida. Ba ni na ƙirƙiri wannan labari ba, amma a falona aka sha maimaita shi, ina zaune da kofin shayi a hannu ban taɓa cewa a'a ba. A gidan nan uwarku ce kaɗai na gaya wa yadda aka yi, ita kuma ta tafi da shi kabari saboda na roƙe ta ta rufa min asiri. Yanzu likita ya fara yi min magana a hankali kamar mai lallashin yaro, na kuwa san abin da hakan ke nufi. Shi ya sa na zauna in rubuta wannan babi da hannuna, kafin wani ya rubuta min shi da yabon da ban cancanta ba.

A lokacin muna shekara ta bakwai a Kuala Lumpur, a wani gida mai hawa da yawa kusa da tafkin Titiwangsa, mu a hawa na goma sha ɗaya. Gwamnati ce ta tura ni karatun digiri na uku a kan ƙasar daji da itatuwanta, karatun ya ja fiye da yadda aka tsara. Mustafa kana ɗan aji uku, Hauwa ana goyonki a kasuwa in kin gaji, Auta kuwa ba a ma yi tunaninka ba. Yayarku ta zo ƙasar tana da shekara tara, a wannan shekarar ta cika sha shida. In ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in ta ji haushi ta koma Malayanci, in ta ga dama ta haɗa duka ukun a numfashi guda.

Ita ce 'yar farina, ni kuma a gidan da na tashi a Rano ba a wasa da kunyar ɗan fari. Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ambaci sunan babban wana ba. Haka na ɗauko abin na tsallako da shi teku. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ban taɓa yabonta a gabanta ba, ban taɓa zama ina hira da ita ba, in ta zo ta ɗaya a makaranta sai in miƙa wa uwarku takardar in ce a ajiye. Uwarku kuwa tun a filin jirgin Kano ta ajiye tata kunyar, Safiya take kiranta baki buɗe. Ta sha gaya min cewa yarinyar nan ta tashi ne cikin mutanen da uba ke riƙe hannun 'yarsa suna zagaya tafki da yamma, ba wanda ya taɓa yi mata bayanin shirun nan nawa, don haka ƙiyayya za ta ɗauke shi. Ni kuma in ce mata so ba a baki yake ba, ranar da ta yi hankali za ta gane. Ina faɗa ina jin kaina wani babban mai hikima.

Farfesan da ke duba aikina, wani dattijo Bamalaye mai yawan shiru, ya shirya mana tafiyar bincike ta kwana shida a ƙasa a tsibirin Borneo. Za a fara daga dajin bakin teku, a yi ta hawa ana ɗibar samfurin ƙasa ana auna itatuwa, har a kai ƙololuwar wani dutse inda itace ba ya tsira. Sunan dutsen ba zai fito daga alƙalamina ba, ko a taswira ba na son ganinsa. Na ambaci tafiyar ne muna cin abinci, ban lura da yadda Yayarku ta ajiye cokali ba. Ashe tun tana aji biyu na sakandare take cikin ƙungiyar masu hawan tsauni ta makarantarsu, duk tsaunukan da ke kewayen birni ta taka su, ni ban sani ba saboda ban taɓa tambaya ba. Bayan kwana biyu ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin karatuna ta yi min magana da tsantsar Hausa, babu Turanci ko ɗaya, alamar ta daɗe tana jera maganar a zuciyarta. Ta ce hutu ne, ta ce ta ji akwai ɗalibai mata biyu a tafiyar, ta ce ba za ta zame min nauyi ba. Na ce zan duba, ina nufin a'a. Uwarku ce ta tare ni.

"Ka tafi da ita, Malam. Shekara sha shida ba ku taɓa zama ku biyu kun yi maganar minti goma ba. Ba dutsen take so ba, kai take so ta bi."

Na yarda, rabi don a bar ni in huta da magana.

Akwai mutum na uku a tafiyarmu, Nura. Mahaifinsa shi ne malamin da ya riƙe ni a Zariya ina ɗalibi, ya ba ni ɗaki a zaurensa shekara huɗu, ya ci da ni kamar ɗan cikinsa. Wata biyu kafin tafiyar Nura ya sauka a gidanmu zai fara digiri na biyu a sashenmu, namiji ne cikakke mai shekara ashirin da bakwai, mai ladabi, mai saurin dariya. Ranar da ya iso Malam, mahaifin nasa, ya kira ni a waya, bai yi doguwar magana ba, ya ce ga amana nan ya damƙa min, daga Allah sai ni. A falonmu Nura yake kwana, uwarku ta fi zuba masa nama a miya fiye da kowa, kuma ni na ce a yi haka.

Yayarku ta rubuta jerin kayan da kowa zai riƙe ta manna a jikin firij. Takalmi mai kama ƙasa, safa mai kauri, gishiri saboda matsattsaku, fitilar goshi, sai a ƙasa ta ja layi biyu a ƙarƙashin rigar sanyi mai hana ruwa shiga. Ta ja uwarku suka yi yini guda a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, har suka samo wata jaket shuɗiya a wani kantin gwanjo na bayan layi, mai kauri da hula a haɗe. Da ta sa ta a falo tana gwadawa, fanka na juyawa muna ta gumi, dariya na yi har da buga ƙafa. Na ce ƙasar da ake wanka sau uku a yini ita ce za a saya wa rigar sanyi? Na ce ni da na yi sallar asuba da ruwan randa a watan sanyi a Rano, wane sanyi ne Malesiya za ta nuna min? Nura ya tambaye ni ko shi ma ya nemi irinta, na ce kada ya wahalar da kansa, wannan tsirfar 'yan makarantar Turawa ce. Ita kuwa ta tsaya da rigar a jikinta ta ce,

"Baba, a saman can ba kamar nan ba ne. It's really cold. Ko a takardar Farfesa an rubuta."

Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Takardar Farfesan tana cikin jakata, ban karanta ta har ƙarshe ba. Na ɗauki tsohuwar suwaitata ta ulu da rigar ruwa ta leda irin ta masu babur, Nura ya ɗauki wandon jins biyu da rigunan shan iska.

Mu goma sha ɗaya ne, har da ɗan jagoranmu, wani gajeren mutum mai suna Pak Daud wanda aka haifa a gindin dutsen. Kwana biyun farko a dajin bakin teku muka yi su. Ban taɓa ganin daji irin wannan ba, duk da karatun daji nake yi. Itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, laka tana kama ƙafa har ƙwauri, ƙarar teku tana bin mu ta hagu ko ba ma ganinsa. Daga nan muka shiga inda itatuwa suka rufe sama ruf, da tsakar rana sai ka ɗauka magariba ta gabato. Zafi ne mai danshi, riga ba ta bushewa, matsattsaku kuwa ba ka jin shigarsu sai ka ga jini a safa. Nura ya sha wuya tun ranar farko, jins ɗin ya jiƙe ya goge masa cinyoyi, yana tafiya yana buɗe ƙafa, muna tsokanarsa yana dariyar dole.

Yayarku kuwa kamar an mayar da kifi ruwa. Jakarta ta kai tawa nauyi amma ba ta taɓa zama ta ƙarshe ba. Ita ke fassara min Malayancin Pak Daud in ya yi sauri, ita ke riƙe wa ɗaliban tef ɗin awo, ita ke tuna min lokacin salla in aiki ya ɗauke min hankali. A rana ta uku muka yada zango a bakin wani rafi mai sanyi, na cire takalmi sai ga matsattsaku uku sun cika sun yi tim a idon sawuna. Ban kira ta ba. Ita ta zo ta tsuguna ta barbaɗa musu gishiri, ta wanke wurin, ta ɗaure da bandeji. Tana yi tana gaya min, kanta a sunkuye, cewa in ta gama sakandare irin karatuna take son yi, ta riga ta karanta babi biyu na aikina a ɓoye a kwamfutata. Wallahi a lokacin wani daɗi ya cika min ƙirji har na ji idona ya yi zafi. Abin da ya fito daga bakina shi ne ta gyara hijabinta gashinta ya fito. Ta gyara, ta tashi ta koma wajen 'yan matan.

Daga rana ta huɗu hanya ta miƙe sama. Itatuwa suka fara gajarcewa suna murɗewa, gansakuka ta lulluɓe komai, gajimare yana ratsa mu muna ratsa shi. Hira ta ragu, kowa yana jin numfashinsa. Da asubar rana ta biyar na ɗebi ruwa zan yi alwala, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. A nan na san yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Na ga kowa ya fito da jaket daga ƙasan jakarsa, har Pak Daud, mu biyu ne kawai babu, ni da Nura. Farfesa ya dube mu ya tambaya ko mun shirya, na ce masa mu mutanen Arewa mun saba da sanyi. Da a wannan safiyar na buɗe baki na ce na yi kuskure, da an san yadda aka yi da mu, ko a bar mu a zangon ƙasa, ko a haɗa mana wani abu. Girman kai ya hana ni, musamman da take tsaye a wurin tana ji.

Bayan azahar muka fita daga cikin itatuwa gaba ɗaya, sai falalen dutse baƙi, ba abin da ke tsirowa sai 'yan ciyayi a cikin tsaga. A nan ruwa ya same mu. Ba irin ruwan Kuala Lumpur ba ne mai ɗumi da ke zuba ya wuce. Wannan a kwance yake zuwa da iska, yana dukan fuska kamar tsakuwa. Mu uku ne a baya saboda Nura ba ya sauri. Pak Daud ya dawo ya ce akwai wata bukkar katako a gaba, tafiyar awa uku a irin takunmu, zai wuce da sauran ya kunna wuta ya dafa ruwa. Ya nuna mana farin fentin da aka shafa a kan duwatsu, ya ce mu bi shi, ya maimaita sau biyu cewa kada mu rabu. Ba laifinsa ba ne, ya ga uba da 'yarsa da ƙaninsa, ya ɗauka uban zai kula.

Ba mu yi rabin awa ba Nura ya zauna a kan dutse ya ce ba zai iya ba. Leɓensa ya canza launi, haƙoransa suna haɗuwa har ina jin ƙararsu, maganarsa ta fara sarƙewa. Iska ta riga ta yayyaga ledata. Na cire suwaitata na sa masa, amma ta sha ruwa, ba ta da wani amfani sai nauyi. Na tsaya a kansa, ba abin da nake ji a kunnena sai muryar Malam yana cewa daga Allah sai kai. Na ga kaina na koma Zariya na durƙusa a zauren da aka ci da ni shekara huɗu, ina cewa ɗanka ya mutu a hannuna saboda ni na hana shi sayen riga. Sai na ɗaga kai na ga Yayarku a tsaye cikin shuɗiyar jaket ɗinta, ta ja hular har goshi, tana murza wa Nura hannuwa.

"Ke, cire ki ba shi."

Ta dube ni. Ba ta yi gardama ba, ta ce dai a hankali,

"Baba, riga ɗaya ce a ciki. Mu rungume shi mu biyu tukuna, haka aka koya mana, ko mu..."

"Da ke nake magana. Baƙo ne, amana ce. Cire."

Ta zuge zif ɗin ta cire, ita da kanta ta sa masa hannu ɗaya bayan ɗaya ta ja masa hular. A ƙarƙashi ba komai sai wata 'yar riga mai dogon hannu da hijabi, nan take ruwa ya manna mata su a jiki. Ina so ku fahimci yadda na ga abin a lokacin, ba don ku wanke ni ba. A yadda aka rene ni, in abu ɗaya ne kuma ga ɗanka ga ɗan wani, ɗan wani ake ba. Baƙonka annabinka, haka muka ji tun muna yara. Mutumin da ya fifita nasa a gaban na wani ba shi da kara, balle a ce 'yar fari ce. Ban tsaya na auna cewa shi ƙato ne ita yarinya ba, ban tsaya na saurari dabarar da ta fara faɗa ba, alhali a cikinmu ita kaɗai aka koya wa abin da ake yi in sanyi ya kama mutum a dutse.

Na rataya hannun Nura a wuyana muka ci gaba, ita tana biye. Da farko ina jin ƙarar sandarta a kan dutse a bayana. Ina jan Nura, ina yi masa magana don kada ya yi barci a tsaye, ina neman farin fenti cikin hazo. Jikinsa ya fara dawowa, har ya soma taka ƙafarsa da kansa. Ban san lokacin da ƙarar sandar ta ɗauke ba. Wajen la'asar sakaliya muka hango hayaƙin bukkar, ɗalibai suka fito da gudu suka karɓi Nura. Pak Daud ya dubi jaket ɗin da ke jikinsa, ya dubi bayana, ya tambaye ni da Malayanci ina 'yata. Na juya, babu kowa sai hazo.

Bai jira amsata ba, ya fizgi bargo ya ruga, ɗalibai biyu suka bi shi. Ni kuwa a bakin bukkar na zube. Sun same ta a nisan tafiyar kusan rabin awa, ta raɓe a jikin wani dutse a zaune, ta daina rawar sanyi, idonta a buɗe amma ba ta gane kowa. A goye Pak Daud ya kawo ta. 'Yan matan nan biyu suka cire mata jiƙaƙƙun kaya suka shiga bargo ɗaya da ita suka rungume ta, dabarar da ta so mu yi wa Nura ke nan na katse ta. Ana ɗura mata ruwan ɗumi da cokali har ta fara kuka, aka ce alhamdu lillahi, kukan alama ce mai kyau. Farfesa kuwa har muka rabu da shi shekaru bayan nan bai taɓa tayar da maganar ba. Pak Daud ne ya zo ya tsaya kusa da ni yana matse hularsa, ya ce da guntun Turancinsa, ba tare da ɗaga murya ba, a dutse ƙarami ake sawa a tsakiya, babba ya tsaya a baya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ba a kai ƙololuwar ba, aikin Farfesa na shekara ya tsaya a nan. Kwana biyu aka yi ana saukowa da ita ta wata gajeriyar hanya, a kan gadon da aka haɗa da sanduna da tanti, zazzaɓi yana cinta, tari yana tsaga mata ƙirji. Ina tafe a gefe ina kallon mutane huɗu ɗauke da 'yata a kafaɗa, ba abin da yake zo min a rai sai makara. Ta yi kwanaki a asibitin garin da ke ƙasa, aka dawo da ita Kuala Lumpur ta ƙara mako uku a kwance. Limoniya ce ta kama huhun duka biyu, na hagu bai koma daidai ba har yau. Jarrabawar ƙarshe ta sakandare ta wuce ta, sai da ta maimaita shekara. Likita ya ce ita da hawan tsauni har abada, karatun daji kuma ya tafi tare da shi.

A barandar asibiti na gaya wa uwarku komai. Na ƙare da cewa da ɗan Malam ya mutu, me zan ce wa ubansa? Ta dube ni ta ce,

"Da ita ta mutu fa, me za ka ce min?"

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu. Amma daga ranar wani abu ya fita daga muryarta in tana yi min magana, bai dawo ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wata ya doka, ni kuma aka bi ni da yabo. Nura, don godiya, ya ba kowa labari a masallacin Juma'a cewa na ceci ransa. Maza suka yi ta zuwa gida suna cewa na cika ɗan halak, irin mutanen da masu riƙon amana. Mahaifinsa ya kira yana kuka yana sa min albarka. Mata kuma a nasu zaman suka ce ai ga irinta nan, me ya kai 'ya mace dutse, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A hankali maganar jaket ta ɓace daga labarin, aka bar taurin kan yarinya. Duk wannan a falonmu ake yi, ita tana kwance a ɗaki, bango ɗaya ne tsakani, tana tari tana ji. Sau ɗaya tak nake buƙatar in ce ba haka aka yi ba, ita ta ce mu sayi riga na yi mata dariya, ni na tube ta a cikin ruwa. Yabon ya yi min daɗi, kunyar kuma ta yi min yawa, na yi shiru.

Da na gama karatu bayan shekara biyu muka haɗa kaya, ta ce ta samu gurbi a wata kwaleji za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Na yi faɗa, na yi barazana, ta saurara kanta a ƙasa har na gama, ta ce Allah ya huci zuciyata, ba ta canza magana ba. Sauran kun sani. Ta karanci aikin gashin ƙashi, ta auri mutumin kirki ɗan Katsina da ke aiki a can, ta haifi 'ya'yanta uku. Duk Juma'a tana kira ta gaishe ni, tana aiko da magani, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Nura kuwa ya zama babban mutum, duk Babbar Salla da ragonsa yake zuwa, kuna ganinsa. Ba shi da laifi, amma ban taɓa iya cin naman nan ya wuce min wuya da daɗi ba.

Bara, bayan rasuwar uwarku, na je wurinta na yi mako biyu. Ta ba ni ɗakin da ya fi kyau, ta dafa duk abin da nake so, yaranta suna durƙusawa su gaishe ni. Komai daidai, yadda ake karɓar babban baƙo. Ana gobe zan taso na ce ta raka ni unguwar Brickfields in sayi tsaraba. Da hantsi muka zauna a wani mamak, irin shagunan abincin Indiyawa Musulmi da nake zama ina ɗalibi, ta yi min odar shayi ba sukari ba tare da ta tambaye ni ba. Ina jin yadda numfashinta ke ɗan yin fito saboda 'yan matakalan tashar jirgin ƙasa da muka hau. Na daɗe ina juya kofi, sannan na ce ta yafe min maganar rigar nan. Ta ce ai ta yafe tun tana asibiti. Na ce to in ta yafe, me ya hana ta dawowa gida ko da ziyara ce ta wata guda? Ta ajiye cokalinta, ta yi min magana da Hausa tsantsa.

"Baba, ba rigar ba ce. Ko ba ka ce ba, da na ga zai mutu zan ba shi. Ina bayanka ina kallon ƙeyarka, ina cewa yanzu zai juyo, in mun kai wancan dutsen zai juyo. Da na zauna ma ban daina kallonka ba sai da hazo ya rufe ka. Sau ɗaya kawai nake so ka waiwayo ka ga ko ina nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko za a yi min tapau ɗin roti, irin gurasarsu, in tafi da shi gida, wato a ƙunshe min, na ce a'a. Na ce mata hankalina ne ya tafi kan Nura, hazo ya yi yawa, ban san ta tsaya ba. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne, Baba, Allah ya riga ya ƙaddara. Muka tashi muka je muka sayi tsaraba.

Ƙarya na yi mata a wannan teburin, kuma ina jin ta sani. Ku karanta wannan, in na mutu ku aika mata, tunda na sake samun dama a gabanta na kasa. Hankalina bai taɓa barin bayana ba a cikin awa ukun nan. Duk taku ina jin ta, ina jin sandar tana rage sauri, ina jin tarin farko da ya fara kama ta. Na san in na juya zan ga 'yata tana rawar sanyi a cikin 'yar riga ɗaya, na san in na gani ba zan iya jurewa ba, sai na cire jaket ɗin daga jikin ɗan Malam na mayar mata, in koma Zariya a matsayin mutumin da ya zaɓi nasa. Na san sarai abin da ke bayana, shi ya sa ban waiwaya ba.